Fitilar Bakin Ƙofa

Litinin, 3 ga wata, bayan La'asar

Yau na kai Simbok, uwata, gidan tsofaffi. Ga shi na rubuta, ƙasa ba ta tsage ta haɗiye ni ba.

Ce mata na yi asibiti za mu a duba ƙafarta. Ƙarya ce, kuma ko ɗar ban ji ba da na yi ta. Ta ɗaura zaninta mai ruwan ƙasa, ta tufke gashinta da kanta, ta hakimce a bayan motar haya kamar mai zuwa biki. Muna cikin tafiya ta taɓo ni ta ce, "Mbak, ke 'yar gidan wa ce?" Na ce ni ce Warsini, 'yarki. Ta yi min murmushin da ake yi wa baƙo, ta mai da idonta kan gonakin shinkafa. Shekara biyu ke nan ina zaman Mbak a gidan da aka haife ni, uwata na kirana yadda ake kiran mai talla.

Bu Rosma ce shugabar gidan. Da ƙarfi take magana, ta saba da kurame. Ta ce sati biyu za su gwada. In Simbok ta zauna, ta ci abinci, shi ke nan. In ta ƙi, sai dai in zo in ɗauki abata, su ba sa ɗaure mutum a gado. Na ce to. Me zan ce?

Na dawo na tarar da bangon gaba yana nan baƙi ƙirin yadda wutar ta bar shi. Ta ƙofar baya na shiga. Hannuna na hagu yana ta zugi a cikin bandeji.

Talata, 4 ga wata, da hantsi

Ban je kasuwa ba. Masu sayen soyayyen tempe, wainar waken suyan da nake sayarwa, su yi haƙuri, ba za su mutu ba.

Ga gida ba kowa, ga katifa, ga shiru, amma barci ya ce bai san ni ba. Da na rufe ido sai in ji ƙarar ƙyasta ashana. Na tashi na buɗe tulun shinkafa inda nake ɓoye ta, tana nan. Wa zai ɗauka? Ni kaɗai ce a gidan.

Laraba, 5 ga wata, da Azahar

Na dafa shinkafar mutum biyu.

Alhamis, 6 ga wata, da safe

Na fita sayen alayyahu wurin mai kayan miya da ke tsayawa a bakin masallaci. Ina zuwa hira ta mutu. Mata biyar, kowa ta duƙufa zaɓen tumatir kamar gwal take nema.

Bu Sarmi ce ta kasa haƙuri, dama bakinta ba ya zama. Ba ta kalle ni ba, mai kayan miyan ta kalla ta ce, "Ai mu a da, iyaye a ɗakinsu suke mutuwa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Na ɗaga mata hannun nan mai bandeji har saitin hancinta na ce, "Ga nawa, Bu, ban yanke ba. Kina son ki shinshina?"

Mai kayan miya ya fashe da dariya, sai kuma ya mai da ita tari. Na biya na tafi ba tare da na karɓi alayyahun ba, sai da ya biyo ni da shi.

Wannan matar, uwar mijinta wata uku ta yi a kwance, duk unguwa sai da muka haddace labarin wahalarta. Ni shekara biyu. Wa ya taɓa leƙowa ya ce Warsini je ki kwanta, zan zauna da ita? Ranar da abin ya faru dai kowa ya fito da bokitinsa, wannan na gode. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Juma'a, 7 ga wata, bayan Isha

Na je. Da ma ban je ba.

Ta rame a kwana huɗu. An ajiye mata kunun shinkafa ya huce ya yi fata a sama, ko kallonsa ba ta yi ba. Na ɗebo a cokali na kai bakinta, ta datse haƙora, ta ce, "Na gode, Mbak, na ƙoshi." Da ladabi, wallahi. Ladabin nan ya fi zagi ciwo.

Da rana ba ta da matsala, in ji ma'aikatan. Tana zaune kamar an dasa ta. Amma da an fara kiran Magariba sai ta miƙe ta nufi ƙofar waje. Yau a gabana aka yi. Tsohuwar da sai na riƙe ta take shiga banɗaki, ta ture ma'aikaciya ɗaya, ta gantsara wa ɗaya cizo a hannu, tana jijjiga ƙofar ƙarfe tana cewa, "Duhu ya yi! Duhu ya yi, ku bar ni!" Sauran tsofaffin suka ruɗe, wani yana kuka, wata tana salati. Ni kuwa na tsaya kamar gunki. Na san wasan nan, ni nake yinsa ni kaɗai duk yamma.

Bayan ta gaji ta kwanta, Bu Rosma ta ja ni ofishinta ta ce, "Bu Warsini, me take nema a waje?"

Ita ba 'yar nan ba ce, daga Sumatra aure ya kawo ta, sai da na yi mata dalla-dalla. Na ce fitila take son kunnawa. A nan in an haihu, uba ne ke wanke mabiyiya, ya sa a 'yar tukunyar ƙasa, ya binne a bakin ƙofa. Namiji dama, mace hagu. A kifa kwando a kai, a riƙa kunna mata aci-bal-bal duk yamma har kwana talatin da biyar, don ƙanin jaririn ce, tare suka zo, ba a barinta a duhu. Simbok ta manta sunana, ta manta Bapak, mahaifinmu, ya rasu, ta manta yadda ake alwala, amma wannan bai fita daga kanta ba. Kwana talatin da biyar ɗinta sun ƙi ƙarewa.

Bu Rosma ta ce, "Na wanne daga cikinku take kunnawa?"

Na ce dama take zuwa. Kullum dama. Mu biyu ta haifa, ni da yayana Mas Darmaji, sai ki lissafa.

Ban san muryata ta canza ba sai da ta miƙo min ruwa.

Asabar, 8 ga wata, da yamma

Mas Darmaji ya bugo daga Batam. Sai yau.

"Dik, ƙanwata, na ji abin da kika yi. Ba ki shawarce ni ba."

Na ce na kira ka sau nawa a daren ranar, ka ɗauka?

"Kin san aiki. Amma haba, Dik, mutane za su ce me? Simbok a gidan tsofaffi kamar wadda ba ta haihu ba?"

Na ce, "Mas, jirgi yana tashi kullum. Zo ka ɗauke ta. Zan haɗa maka kayanta, har da ledar shimfiɗa da bokitin wanke zani. Ka iya wanke mata jiki? Zan koya maka, ba wuya, sai dai ka toshe hanci."

Ya ce in ji tsoron Allah. Ni! Na ce ina ji, shi ya sa ban faɗi abin da ke bakina ba. Ya ce zai turo wani abu ƙarshen wata. Na ce ka turo barci in ana sayarwa a can.

Rabonsa da gidan nan tun Sallar bara waccan. Ya zo da kwalin biskit, ya sumbaci hannunta, ya ɗauki hoto, ya koma. Shi ake kunna wa fitila. Ni da nake kwasar kashinta, ni ce Mbak. Allah na tuba, amma abin yana ci min rai. Yana ci min rai ƙwarai.

Lahadi, 9 ga wata, bayan La'asar

Sati biyu ke nan cif da ranar. Ba zan rubuta zancen ranar ba.

Na gyangyaɗa ne kawai. Zama na yi in ɗan huta bayana. Wa ya san Simbok ta gano ashanar da ke tulun shinkafar?

Ba zan rubuta ba na ce.

Litinin, 10 ga wata, da Azahar

Na koma kasuwa. Na ƙona kasko biyu na tempe, na dawo.

Talata, 11 ga wata, da yamma

Na kira Nining. 'Yata ce, amma yanzu sai na yi shiri kafin in kira ta, kamar zan kira hukuma. Na tambayi lafiyar jikata Laras. Ta ce da sauƙi, likita ya ce gashin zai fito, tabon kunne ne dai sai a hankali. Na ce ba ni ita mu gaisa. Ta ce tana barci. Ina jin muryar yarinyar a bayanta tana waƙa.

Tabarmar da jikata take kwanciya a baranda tana nan a bayan gida, rabinta gawayi. Kullum sai in ce gobe zan yar.

Nining ba ta zage ni ba. Ranar, tana rungume da yarinyar, abu ɗaya ta faɗa: "Bu, ki zaɓa." To na zaɓa. Ga shi na zaɓa, kuma har yanzu ba ta kawo ta ba.

Na gaji.

Laraba, 12 ga wata, da safe

Ruwa tun asuba. Hannu yana ƙaiƙayi, an ce alamar warkewa ce.

Alhamis, 13 ga wata, bayan Magariba

An sa wa Simbok ƙarin ruwa jiya, ta fizge allurar. Hannunta duk ya yi shuɗi. Yau da Magariba ba ta iya kaiwa ƙofar ba, a tsakiyar hanya ta zube, tana jan jiki tana cewa duhu ya yi. Muryar ma ta dushe.

Bu Rosma ba ta ɓoye min ba. Ta ce, "Litinin sati biyun ke cika. In haka za a ci gaba, ba zan riƙe ta ta mutu da yunwa a hannuna ba. A gida ai tana ci, ko?"

Tana ci. In ta kunna fitilarta ta zauna a gabanta, komai na ba ta tana ci. Shi ya sa na bar ta tana yi wata da watanni ina tsaye a kanta, kafin ta fara tashi yi ita kaɗai a kowane lokaci, na koma ɓoye ashana.

Na ce, "Bu, in kika dawo min da ita, ɗayanmu za a fitar a makara. Ban san wacce ba."

Ta daɗe tana kallona. Ta rage muryar nan tata ta ce, "Ke yaushe rabonki da barci?"

Ka ji tambaya. Shekara biyu ana tambayata yaya Simbok, Simbok ta ci, Simbok ta sha magani. Na buɗe baki in ce lafiya lau, sai abin ya ƙwace min. Mace mai jika, ina kuka a ofishin mutane har da majina. Ta ce akwai wasu mata irina da suke haɗuwa a nan ranar Asabar su sha shayi su yi hira, masu jinyar iyaye. Na ce ni hira ta ishe ni, a bar ni in kwanta kawai. Ta ce su ma da haka suka fara.

Juma'a, 14 ga wata, da hantsi

Ko in ɗebi ƙasar wurin da take kunna fitilar in kai mata?

Haukar banza. Amma me ya rage?

Asabar, 15 ga wata, bayan Azahar

Bari in rubuta wannan a tsanake, don kaina bai gama ɗauka ba.

Da safe na sayo 'yar tukunyar ƙasa da ƙaramin kwando da fitila mai caji, irin wadda ake dannawa. Na ɗauki wuƙar girki na fito ta ƙofar gaba, karo na farko tun ranar. Na tsuguna a dama, gindin bangon da ya ƙone, na fara kankarar ƙasa da hannu ɗaya. Ba tukunyar da ke ciki zan tono ba, Allah ya kiyaye, ƙasar sama kawai. Ina yi ina mita. Na ce to Mas Darmaji, ga ƙanwarka baiwarka, har ƙasar cibiyarka ni zan yi wa dako.

Sai na ji sanda a bayana. Lik Ponirah ce, ƙanwar Bapak, ta kusa tamanin amma idonta kamar na shaho, ba abin da ke wucewa a layin nan ba ta gani ba.

"Ke Nduk, 'yar nan, me kike tona kamar kaza?"

Na ce ƙasar wurin Mas Darmaji zan kai wa Simbok, ko ta samu ta ci abinci.

"Wurin wa?"

Na ce Mas Darmaji. Dama ai ta namiji ce.

Ta dube ni, ta dubi ƙofa, ta saki dariya har sai da ta dafa bango. "Kai, yaran zamani! Wannan ƙofar yaushe aka yi ta? Ubanki ne ya fasa ta nan lokacin da ya rushe gidan gora ya yi na bulo, kina tatata. Tsohuwar ƙofa a can take," ta nuna da sanda, "inda tagar nan take yanzu. Tsaya a bakin tagar ki gani. Nan da kike tsugune dama ne ko hagu?"

Na waiga na dubi tagar, na dubi inda nake tona.

"Hagu ne, sakarya. Ina riƙe da fitila ubanki ya haƙa ramin nan, ana yayyafi. Ta Darmaji tana can ƙarƙashin siminti, inda kike ajiye babur. Shekara nawa kina ɗiga wa cibiyar yayanki baƙin mai!"

Ta ci gaba da dariya, ta ce ko akwai shayi. Na ce babu. Ta ce dama ta san ba za a samu ba, ta ja sandarta ta wuce.

Ni kuwa ina nan tsugune da wuƙa a hannu har rana ta zo tsaka.

Asabar ɗin dai, da yamma

Wata nawa ina fizge ashana daga hannunta ina ce mata ɗan naki ba zai zo ba.

Lahadi, 16 ga wata, bayan Isha

Na isa kafin La'asar ta wuce, tukunya a cikin jaka a rungume kamar jariri. A motar haya wata ta tambaye ni ko shuka ce, na ce eh.

Bu Rosma ta leƙa ciki ta ga ƙasa, ta kalle ni. Ta ce, "Ba wuta ko?" Na danna mata fitilar ta gani. Ta ɗaga kafaɗa ta ce a gwada, an gwada abin da ya fi wannan.

Na ajiye tukunyar a bakin ƙofar ɗakin Simbok, ta hagu. Na kifa kwando, na ajiye fitilar a gefe a kashe. Na koma na zauna kusa da gadonta. Ba ta ce min ko Mbak ba, idonta a rufe, leɓenta duk ya tsattsage.

Aka kira Magariba. Ta buɗe ido. Ta fara laluben gefen gado, ma'aikatan nan biyu suka matso suna shirin kokawa, wadda aka ciza tana daga baya-baya. Na ce su bar ta. Na sa kafaɗata ta dafa, muka taka a hankali har bakin ƙofa, tana cewa duhu ya yi, duhu ya yi.

Sai ta ga kwandon. Ta tsaya.

Ta sulale ƙasa ta durƙusa. Ta ɗaga kwandon, ta sa yatsa ta taɓa ƙasar, ta daddanna ta yadda ake yi don kar tururuwa su samu hanya, ta mayar. Ta fara waige-waigen ashana. Na kama yatsanta na ɗora kan fitilar muka danna tare. Haske ya kawo. Ta ɗan ja baya, ta kalle shi da kyau, ta kai tafin hannu ta kare shi daga iska, alhali ba iska.

Muka zauna a ƙasa mu biyu. Can ta juyo ta sa yatsa a baki ta ce, "Mbak, yi a hankali. Yanzu na samu ta yi shiru."

Na ce, "Wa, Mbok?"

"'Yata mana. Warsini." Ta girgiza kai tana murmushi. "Rigima gare ta, ba ki gani ba. Yayanta ba ruwansa, da ya sha nono sai barci. Ita kuwa in ba a kunna wa ƙaninta fitila ba, kwana take tana kuka. Tausayi take ba ni, 'yar mitsitsiya da ita, ba ta samun barci."

Ta dafa gwiwata kamar mai ba baƙuwa haƙuri ta ce, "Yau dai za ta yi barci."

Bu Rosma ta turo kwanon kunu da ƙafa a hankali har kusa da ni. Na ɗebo na kai bakin Simbok. Ta buɗe. Ta sha fiye da rabi, idonta a kan fitilar, har ta ce sukari bai ji ba.

Ban san yadda na iso gida ba. Ta ƙofar gaba na shiga.

Litinin, 17 ga wata, da rana tsaka

Yanzu na farka. Asuba ta wuce ni, kasuwa ta wuce ni, Allah na tuba. Lik Ponirah ta ce ta buga ƙofa da sanda har ta fara tunanin kiran mutane.

Akwai saƙon Bu Rosma a waya. Simbok ta karya da safe, kada in zo ɗaukarta, in dai tuna in kawo abin cajin fitilar. Ta ƙara da cewa shayin Asabar yana nan. Sai na gani.

Simbok ta ce zan yi barci. Na yi.